Idan kin tsinci shafin matasan LGBTQ a kwamfutar ɗanki: yadda nake bincikarsa kafin in buɗe baki

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, ina cikin mota zan koma gida daga asibitin da nake aikin jinya, wata ƙanwata ta kira ni. Ba ciki ɗaya muka fito ba, zaman jihar Maryland ta Amurka ne ya haɗa mu, ita 'yar Katsina, ni 'yar Zariya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, na shiga uku." Ta buɗe kwamfutar gida za ta biya kuɗin wuta, sai ta tarar ɗanta mai shekara 15 ya bar wani shafi a buɗe. Sunan shafin Trevor Project. Ta karanta ta gane na matasa ne masu sha'awar jinsinsu da masu jin ba su dace da jinsin da aka haife su da shi ba, waɗanda a nan ake tara su a ƙarƙashin haruffan LGBTQ. Abin da ya fi ƙona mata rai wata 'yar sanarwa ce a shafin, wadda ta ce idan kana so ka fice da sauri ka danna madannin Esc sau uku. "Yaya, har koya masa suke yi yadda zai ɓoye mini."

Ita ce uwa ta uku da ta kawo mini irin wannan magana cikin 'yan shekarun nan, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da nake gaya musu, da tsarin da nake bi. Ni ba malama ba ce. Hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, ba ni zan sauya shi ba, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da na sani shi ne aikin asibiti, da karatun takardun da ake turo wa iyaye, da irin yaran da ake kawo mana da tsakar dare sun haɗiyi ƙwayoyi.

Daren farko

Kada ki ƙwace wayar. Kada ki tashi babansa daga barci kina kuka. Kada ki kira Hajiya a gida, domin maganar da ta shiga waya zuwa Katsina ba ta dawowa. Na ce wa ƙanwata ta rufe kwamfutar yadda ta same ta, ta yi alwala, ta jira ni.

Dalilina shi ne, Trevor Project tun asalinsa layin hana kashe kai ne. An kafa shi a California a 1998, kuma babban aikinsa amsa kira da saƙon matasan da suka kai bango. Yaron da ya buɗe irin wannan shafi, wataƙila son sani ne kawai, wataƙila aboki yake nema wa taimako, wataƙila yana tambayar kansa game da kansa, wataƙila kuma yana tunanin mutuwa. Uku na farko za su iya jira zuwa gobe ko wata mai zuwa. Na huɗun ba ya jira. To shi za ki fara cirewa daga lissafi.

Yadda ake yi ba wuya, nauyin baki ne kawai. Ki same shi shi kaɗai, a mota ko a kicin, inda ba sai kun kalli juna ido cikin ido ba. Ki ce kin lura kwanan nan ba ya cikin walwala. Sannan ki tambaye shi kai tsaye, da kalmar kanta: "Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Mu Hausawa muna gudun furta irin wannan, muna ganin kamar kiran abin ne. A aikinmu an daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya ce e, ki ci gaba: yaushe, ya tsara yadda zai yi, ya tanadi wani abu? Kada ki ce "A'uzubillahi, ka san makomar wanda ya yi haka?" Ya sani. Tun yana Islamiyya ya sani, kuma sanin bai hana shi kaiwa inda ya kai ba.

A daren nan kuma ki tattara magungunan gida ki kulle. Na ciwon kai irin su Tylenol, wato farasitamol ɗinmu na gida, yana cikin mafi haɗari, domin yana lalata hanta a hankali, yaro ya tashi da safe kamar lafiya lau alhali ɓarna ta riga ta fara. Na hawan jinin Alhaji da na sukarin Hajiya su ma a kulle. Idan akwai bindiga a gidan, a fitar da ita gaba ɗaya.

Lambar da za ki riƙe a Amurka ita ce 988. An buɗe ta ranar 16 ga Yulin 2022, ana kira ana kuma tura saƙo, dare da rana, kuma iyaye ma suna iya kira a madadin ɗansu. Suna da tafintoci na harsuna fiye da 240. Mutanenmu suna tsoron kada kira ya jawo 'yan sanda ƙofar gida. Masu layin sun ce ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kiraye-kirayen ne ke kaiwa ga turo agajin gaggawa, kuma wannan sai rai na cikin haɗari a lokacin. Idan ya riga ya sha wani abu, ba 988 ba ce, lambar agajin gaggawa ta 911 ce ko asibiti nan take.

Ɗan ƙanwata, da ta tambaye shi washegari a hanyar makaranta, ya yi shiru har suka wuce danja biyu. Sannan ya ce, "Wani lokaci, Umma." Bai tsara komai ba. Amma "wani lokaci" ya ishe mu mu nemi likita a makon.

Sai a juya kan shafin

Bayan an san yaro ba ya bakin rami, sai a zauna a binciki shafin da kansa. Gani ya kori ji. Kada ki dogara da bidiyon da aka turo a zauren WhatsApp na matan masallaci, kada kuma ki dogara da takardar da mai ba da shawara na makaranta ya miƙo. Ki buɗe da hannunki.

Abu na farko da nake dubawa: wane irin wuri ne? Mutane suna cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne. Akwai layin agaji, inda yaro ke magana da babban mutum ɗaya da aka horar, a gama a rabu. Akwai zauren hira mai jagora, kamar Q Chat Space, wanda ƙungiyar cibiyoyin LGBTQ mai suna CenterLink ta kafa tare da PFLAG, ƙungiyar iyaye da dangin 'yan LGBTQ, da Planned Parenthood mai harkar tsarin iyali, don 'yan shekara 13 zuwa 19, inda ake hira a rubuce a lokacin da aka tsayar, da babba yana jan ragamar zaman. Akwai kuma dandalin sada zumunta, kamar TrevorSpace, inda matashi ke buɗe shafinsa ya yi abokai, kuma an buɗe shi ne ga 'yan shekara 13 zuwa 24.

A nan ra'ayina ya rabu gida biyu, kuma ba na ɓoyewa. Layin agaji ban da faɗa da shi. Yaron da ke tsaye a banɗaki da kwalbar magani ƙarfe biyu na dare, duk wanda zai riƙe shi da magana har gari ya waye ya yi mini alheri, ko da ra'ayinmu bai zo ɗaya ba a kan komai. Dandalin sada zumunta kuwa wani abu ne daban. Ɗan shekara 13 da ɗan shekara 24 ba sa'o'in juna ba ne a kowace al'ada, kuma a yawancin shafukan intanet shekarun da mutum ya rubuta su ne shekarunsa, ba mai tambayarsa takardar haihuwa. Masu sukar waɗannan dandali sun fi kafa hujja a nan, kuma a ganina hujjar tana da ƙafa. Don haka ki nemi amsar waɗannan a shafin dokokinsu: ana iya tura wa juna saƙon sirri? Babba yana iya tura wa ƙarami? Wa ke sa ido, ma'aikaci ne ko ɗan sa-kai, kuma da dare ma yana nan? An hana musayar lambar waya da sunan Instagram ko Discord? Wannan ta ƙarshe ita ce babba, domin mai mugun nufi ba ya ɓarnarsa a inda ake kallonsa, jan yaro yake yi zuwa wani lungu. Idan shafi bai amsa waɗannan a fili ba, ki rubuta musu ki tambaya. Rashin amsa ma amsa ce.

Sai madannin ficewa da sauri, wanda ya tayar wa ƙanwata da hankali. Ba don yaranmu aka ƙirƙiro shi ba. Shafukan taimakon matan da mazajensu ke dukansu sun daɗe da shi, don mace ta rufe shafi kafin mai dukan ya leƙo. Masu shafukan matasa suka ɗauko shi saboda akwai yaran da idan aka gane su a gida duka ne ko kora. Wannan gaskiya ce, na ga irinsu a asibiti. Amma ita ma ƙanwata tana da gaskiya: madannin bai san gidan da ake duka da gidan da ba a yi ba, kowace uwa kallon abar tsoro yake yi mata. Ni ban ɓata lokaci a kan jin haushinsa ba. Tambayar da na yi mata ita ce, me ya sa yaron ya ga yana bukatarsa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na gaba shi ne wanda iyaye ba sa dubawa sam, kuma ni shi ya fi damuna: ina bayanan suke tafiya? Ki gangara ƙasan shafin ki buɗe bayanin sirri, ki nemi inda aka ambaci talla, ko abokan hulɗa, ko bincike. Ba zargi nake yi a kan iska ba. A Janairun 2022 jaridar Politico ta bayyana cewa Crisis Text Line, layin agaji na saƙon waya, yana ba wani kamfanin kasuwanci mai suna Loris.ai bayanan hirarrakin da aka cire wa sunaye, kuma cikin 'yan kwanaki suka dakatar saboda surutun jama'a. A Maris ɗin 2023 hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta sa BetterHelp, kamfanin ba da shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa adireshin imel da bayanan lafiyar masu neman shawara ga Facebook da Snapchat da wasu don talla. Cikin rassan kamfanin har da Pride Counseling, wanda aka buɗe musamman don 'yan LGBTQ. Ki tuna kuma dokar da ke kare bayanan yara a intanet, COPPA ta 1998, ta tsaya ne a kan 'yan ƙasa da shekara 13. Ɗanki mai 15 ba ya ƙarƙashin inuwarta.

Ga Ba'amurke wannan abin haushi ne. Ga yaron da ke da fasfo biyu kuma ake kai shi gida hutu, ya wuce haushi. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan shiga ko tallafa wa ƙungiyoyinsu, ban da dokokin shari'a na jihohin arewa. Hoton hira ɗaya da ya faɗa hannun ɗan baffa mai neman abin faɗa ya isa. Ko me kike ji game da abin da yaron ke ciki, ki koya masa kada ya rubuta cikakken sunansa, ko sunan makaranta, ko garin iyayensa, kada kuma ya tura hotonsa ga kowa. Idan wani ya riga ya karɓi hoton tsiraicinsa yana yi masa barazana, kada a biya ko sisi, a ajiye shaidar, a kai rahoto, a yi amfani da shafin Take It Down na NCMEC, cibiyar kare yaran da suka ɓace ko ake cin zarafinsu, don a toshe yaɗuwar hoton.

Me ya sa mahaɗin da aka ba ki jiya ya mutu yau

Wannan zan taƙaita, don labarin siyasa ne, amma sai kin san shi za ki gane abin da kike gani. A ƙarshen Agustan 2021 hukumar kula da iyali da kare yara ta Texas ta sauke shafinta mai ɗauke da lambobin agaji na waɗannan matasa, sa'o'i kaɗan bayan Don Huffines, mai neman ƙwace takarar gwamna daga Greg Abbott, ya soke shi a bidiyo. A 2022 masu ra'ayin riƙau suka yi ca a kan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, saboda ta sa Q Chat Space cikin jerin wuraren da take nuna wa matasa. A farkon 2025, bayan umarnin Shugaba Trump, CDC ta sauke shafuka da dama har da na binciken ɗalibai, sai da alƙali John Bates ya ba da umarni a Fabrairu a mayar da su. Sannan ranar 17 ga Yulin 2025 aka rufe zaɓin "danna 3" na layin 988, wanda tun 2022 yake haɗa matasan LGBTQ da masu ba da shawara na musamman, bayan ya amsa kira da saƙo fiye da miliyan ɗaya. Gwamnati ta ce ba ta son ware wasu daban, kowa ya bi layi ɗaya. Masu adawa suka ce an cire tsani ana tsakiyar hawa. Layin 988 kansa yana nan, na Trevor ma yana nan da kuɗin masu ba da gudummawa.

Mu nan gundumar Montgomery ta Maryland mun ga namu. Na tsaya a Rockville a 2023 tare da iyaye Musulmi da Kiristocin Habasha, muna neman a dawo mana da 'yancin cire yaranmu daga darasin wasu littattafan labari masu ɗauke da batun LGBTQ a firamare. Ranar 27 ga Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ba iyaye gaskiya da ƙuri'a 6 da 3 a shari'ar Mahmoud da Taylor. Na yi murna, har yau ina yi. Sai dai wasu 'yan'uwa sun ɗauka hukuncin ya rufe komai. Aji ya shafa, da yaran firamare. Bai shiga wayar ɗan shekara 15 ba. A Maryland ma tun Oktoban 2021 yaro mai shekara 12 yana iya neman shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa da kansa idan ma'aikacin lafiya ya ga ya mallaki hankalin yin hakan. Kowace jiha da nata, ki bincika taku.

Yadda nake karanta alƙaluma

A wannan rigima kowane ɓangare da bincikensa a aljihu. Ni tambaya ɗaya nake fara yi, irin ta mai sayen hatsi: da wane mudu aka auna? Wato su wa aka tambaya, kuma ta yaya aka same su?

Trevor Project na fitar da rahoto kusan kowace shekara. Na 2024 ya tambayi matasa fiye da 18,000 'yan shekara 13 zuwa 24, ya ce kashi 39 cikin 100 sun yi tunanin kashe kansu da gaske a shekarar da ta gabata. Yawan ya burge, amma ta tallan shafukan sada zumunta aka tara su, wanda ya ga dama ya amsa. Mai yiwuwa wanda abin ya fi damu shi ya fi amsawa. Ƙungiyar kuma tana neman gudummawa da waɗannan alƙaluma. Wannan bai sa su zama ƙarya ba, ya dai sa a nemi wani mudun.

Wani mudun shi ne binciken CDC da ake kira YRBS, wanda ake yi duk shekara biyu tun 1991. Shi ba talla ake yi ba, makarantu da azuzuwa ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a, a tambayi duk wanda ke ajin. A na 2023, cikin ɗaliban sakandare sama da 20,000, kashi 41 na 'yan LGBTQ sun ce sun yi tunanin kashe kai da gaske, kashi 20 sun yi yunƙuri. A sauran ɗalibai kashi 13 ne da kashi 6. Mudu biyu daban, awo ya zo kusan ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce miki ƙirƙirar lambobin aka yi don a tsorata iyaye, bai duba ba. Amma lambobin ba su faɗi dalili ba. Ba su ce wane shafi ne ke ceto ba, ba su ce wane magani ne ya dace ba. Wanda ya ɗora miki kashi 41 a kai ya ce don haka dole ki amince da duk abin da ya zo da shi, ya wuce abin da lambobin suka faɗa.

Ɗaya ɓangaren ma haka nake auna su. A zauren iyaye an sha turo binciken Lisa Littman na 2018 a mujallar PLOS ONE, wanda ya kawo ra'ayin cewa wasu matasa suna ɗaukar batun sauya jinsi ne daga abokai da intanet, farat ɗaya. Iyaye 256 aka tambaya, ba a tambayi yaro ko ɗaya ba, kuma an samo iyayen ne galibi daga shafuka uku da masu shakkar abin ke taruwa. A Maris ɗin 2019 mujallar ta sake fitar da shi da gyara, tana jaddada cewa rahoton iyaye ne kuma hasashe ne da ke jiran gwaji. Wani makamancinsa da ya fito a 2023 a Archives of Sexual Behavior, janye shi aka yi saboda matsalar izinin waɗanda suka amsa. Idan na rage wa Trevor maki don masu amsa su suka kawo kansu, dole in rage wa wannan ma, ko da ya fi kwanta mini a rai. A Ingila kuma rahoton Dakta Hilary Cass na Afrilun 2024 ya ce hujjar da ake da ita kan magungunan dakatar da balaga mai rauni ce. Magana ce mai nauyi, amma a kan magani take, ba a kan layin waya ba. Kada a ɗauko ta a jefi abin da ba ta nufa ba.

Binciken da na fi amfana da shi ƙarami ne. Caitlin Ryan ta Jami'ar Jihar San Francisco da abokan aikinta sun wallafa shi a mujallar Pediatrics a 2009. Matasa 224 suka tambaya, 'yan shekara 21 zuwa 25, game da yadda gidajensu suka karɓe su. Waɗanda aka fi tsangwama a gida sun ninka waɗanda ba a tsangwama ba ko aka tsangwama kaɗan fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. Raunin binciken a fili yake: mutanen kaɗan ne, Turawa ne da 'yan asalin Latin Amurka, babu ɗan Afirka Musulmi ko ɗaya, kuma tuna baya suke yi. Abin da ya ja ni shi ne ba aƙidar iyaye suka auna ba, ayyuka suka auna: duka, zagi, hana yaro zama cikin taron dangi, gaya masa ya jawo wa gida abin kunya. Daga baya har littafin jagora suka rubuta wa iyalan Mormon, mabiya wani coci mai riƙo da addini, mutanen da ba su sauya aƙidarsu ba. Wannan na iya kai wa ƙanwata. Ba wanda ya ce ta bar abin da ta yi imani da shi. An ce ta bar cewa "gara in ga gawarka", maganar da uwa ke furtawa cikin fushi ta manta, yaro kuwa ya riƙe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Idan takardar bincike ta zo gida, ko ba ta zo ba

Makarantu suna rarraba tambayoyi ga ɗalibai, kuma sanarwar takan zo a cikin tarin takardun farkon shekara da ba mai karantawa. Ni kaina sai da babbar 'yata ta gama amsa wasu tambayoyi na sani, na je makarantar ina huci, aka nuna mini sanarwar a shafi na tara na abin da na sa wa hannu. Akwai dokar tarayya mai suna PPRA, tun 1978, da ta ware fannoni takwas, ciki har da halayyar jima'i, da addini, da lafiyar ƙwaƙwalwa, da kuɗin shigar gida. Idan kuɗin Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ne kuma an wajabta wa ɗalibai, sai da izininki a rubuce. Idan ba haka ba, kina da haƙƙin a sanar da ke, ki ga tambayoyin, ki cire ɗanki. Ki rubuta wa shugaban makaranta a watan Satumba ki nemi jerin duk binciken da za a yi a shekarar. Ni bayan na karanta na CDC na bar yarana suna amsawa, domin ba a rubuta suna, kuma da shi ne ake gane irin halin da yara ke ciki. Florida ta fice daga shirin a 2022. Wata uwar za ta zaɓi cirewa, haƙƙinta ne.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne binciken jami'o'i da ake tallatawa a Instagram, a ce wa ɗan shekara 14 ko 16 ya shiga ba sai iyayensa sun sani ba, a ba shi katin sayayya na 'yan daloli. Da na fara ji na ɗauka haramtacce ne. Ba haka ba ne. Dokar binciken ɗan'adam ta tarayya ta ba kwamitin ɗa'a na jami'a, wanda ake kira IRB, ikon yafe izinin iyaye idan neman izinin ba zai kare yaron ba, ta ba da misalin yaran da ake zalunta a gida, da sharaɗin a tanadi wata kariya a madadinsa. Masu binciken suna cewa neman sa hannun uba tamkar tona asirin yaron ne, kuma idan 'ya'yan gidajen da suka amince kaɗai za a tambaya, sakamakon zai karkace. Na fahimci hujjar. Har yanzu tana yi mini ɗaci, don an yanke wa gidana hukunci ba a san shi ba.

Abin yi a nan shi ne ki koya wa yaron abin da zai nema, tunda ke ba za a tambaye ki ba. Binciken gaskiya yana da takardar bayani mai ɗauke da sunan jami'a, da sunan shugaban binciken, da lambar amincewar kwamitin, da lambar wayar ofishin kwamitin. Tana faɗin inda za a ajiye amsoshi, da cewa yana iya tsayawa duk lokacin da ya so, da abin da za su yi idan ya ce yana cikin haɗari. Wanda babu waɗannan, ko ya nemi hoto, ko ya ce a koma hira ta sirri, ba bincike ba ne. Ke ma kina iya kiran ofishin kwamitin ki yi tambaya ko ƙorafi, aikinsu ne su saurare ki. Ki ɗauko lambar daga shafin jami'ar, kada ki ɗauka daga tallan.

Ƙanwata ta tambaye ni ko akwai na Musulmi. Akwai layin Naseeha da ke Kanada yana amsa kira daga Amurka ma, akwai Khalil Center da ta fara daga yankin Chicago. Na ce ta yi musu tambayoyin nan dai da muka yi wa na farko, kada sunan Musulunci ya sa ta tsallake ko ɗaya, ta kuma tambayi lasisin wanda zai zauna da yaron. Duk wanda ya yi mata alƙawarin zai "gyara" shi cikin wata uku, ta riƙe kuɗinta da ɗanta.

Babansa ya ji labari bayan mako biyu, daga bakinta, da rana, bayan an ci abinci. Abin da ya fara cewa shi ne a saya wa yaron tikiti a kai shi wurin baffansa ya yi shekara biyu. Na je gidan da kaina. Na ce, "Alhaji, yaron da ya ce wa uwarsa wani lokaci yana tunanin mutuwa, za ka raba shi da likitansa da uwarsa, ka kai shi inda ba a san dalilin zuwansa ba, ko kuma a sani?" Bai amsa mini ba. Tikitin dai ba a saya ba. Yaron yana ganin likita duk ranar Talata, uban ne ke kai shi, kuma har yanzu ba su yi maganar ba, rediyo suke kunnawa. Akwatin magunguna yana ɗakin uwar, makullin yana cikin jakarta.